Tambaya: Mene ne amfanin wasan juya bindiga da 'yan kadet na makarantu ke yi?

Mai Neman Sani ya rubuta:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Akwai wani abu da nake yawan cin karo da shi a bidiyoyin da ke yawo a intanet, kuma ina so waɗanda suka san harkar soja ko harkar makaranta su warware mini shi. Za ka ga ɗaliban sakandare, galibinsu a Amurka, maza da mata, sanye da kaki, sun jeru sahu-sahu a cikin babban ɗakin wasanni, kowa riƙe da doguwar bindiga mai katako. Maimakon fareti irin wanda aka saba gani, sai su shiga juya bindigogin nan a tafin hannu, su wulla su sama su cafe, su zagaya da su ta bayansu, wani lokaci ma mutum biyu su yi musaya ta sama, alhali babu wanda ke ba da umarni da baki, babu ganga, babu kakaki.

Tambayoyina uku ne. Da farko, shin bindigogin nan na gaske ne, kuma idan na gaske ne, wace hukumar makaranta ce za ta yarda ta damƙa wa yaro ɗan shekara goma sha biyar makami ya riƙa wasa da shi? Na biyu, ta yaya mutum goma sha biyu ko fiye suke motsi tare, tamkar hannu ɗaya ke sarrafa su, ba tare da an kira musu komai ba? Na uku, wanda shi ne ya fi damuna: mene ne amfanin abin? A iya fahimtata, babu sojan da zai tsaya a fagen daga yana juya bindiga a kan yatsunsa, don haka ban ga abin da wannan ke koyarwa na aikin soja ba. Idan kuwa wasan motsa jiki ne kawai, me ya sa sai da siffar makami za a yi shi? Ba da niyyar kushe nake tambaya ba, domin abin yana burge ni matuƙa, sai dai ina so in san abin da ke ƙarƙashinsa.

Tsohon Saje ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Na daɗe ina koyar da kurata fareti kafin in ajiye kaki, saboda haka zan amsa maka ta ɓangaren da na sani, in bar tarihin ga masu shi.

Abu na farko da ya kamata ka rarrabe shi ne fareti iri biyu ne. Akwai na ƙa'ida, wanda aka rubuta shi dalla-dalla a littafin horo na rundunar, inda aka ƙayyade yadda za ka ƙame, yadda za ka ɗora bindiga a kafaɗa, yadda za ka sauke ta, da tsawon takunka. A littafin sojan ƙasa na Amurka, alal misali, macin yau da kullum taku 120 ne a minti ɗaya, kowane taku kuma inci 30, wato kimanin santimita 76. A wannan babu ra'ayin kowa. Ko ka yi daidai ko ka yi kuskure. Sai kuma na nuni, wanda shi ne ka gani a bidiyo, inda ƙungiya ke tsara nata salon, ta ƙirƙiro juyi da jifa da sauya sahu yadda take so, matuƙar ba ta fita daga kamannin soja ba. Wanda bai ƙware a na farko ba, ba zai taɓa iya na biyu ba, kuma idan ka ga yaro yana wulla bindiga sama amma ƙafafunsa ba su haɗu daidai ba lokacin da ya ƙame, to an tsallake masa mataki.

Game da bindigogin kuwa, ka kwantar da hankalinka, ba sa harbi. Wasu tsofaffin bindigogin soja ne, irin su M1903 Springfield da M1 Garand da M14, waɗanda aka toshe bututunsu da ƙarfe aka yi masa walda, aka kuma cire ko aka lalata allurar da ke bugun harsashi, ta yadda ko an so a ɗura musu wani abu ba za su karɓa ba. Wasu kuma tun daga masana'anta ba bindigogi ba ne, kwaikwayo ne da kamfanoni irin su Daisy da Glendale ke ƙerawa musamman domin fareti. Amma nauyin na gaske ne. Springfield ta kusa kilo 4, Garand kuwa ta ɗan haura haka, kuma ana ƙera na kwaikwayon da nauyi makamancin wannan da gangan. Harbi darasi ne daban a waɗannan makarantu, ana yin sa da bindigar iska a tazarar mita 10, kuma ba ya haɗuwa da fareti ko kaɗan.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, wadda ita ce ta fi mini daɗin amsawa. Shirun da kake ji a bidiyo ba shiru ba ne a cikin kawunansu. Kowannensu ƙirge yake yi. Ana yanka wasan gaba ɗaya zuwa gutsattsari, galibi na ƙirge takwas-takwas, kuma kowane ƙirge yana da abin da hannu da ƙafa za su yi a cikinsa. A lokacin atisaye da ƙarfi suke ƙirgawa, baki ɗaya, har sai jiki ya haddace, daga nan a rage murya sannu a hankali har ta ɓace. Abin da ke maye gurbin ganga shi ne ƙarar da su da kansu suke yi: dukan tafin hannu a kan katako, bugun gindin bindiga a ƙasa, da saukar dugadugan takalma. Wannan ne ya sa za ka ga suna marin bindigar da ƙarfi fiye da yadda riƙo ke buƙata, wasu ma suna sassauta 'yan ƙarafan jikinta domin ta riƙa yin ƙara. Idan yaro ya ɓata lissafi, kunnensa ne ke dawo da shi kan hanya, ba idonsa ba, domin ba a yarda ya waiga ya dubi na kusa da shi ba.

Shi kuma juyin, ba ƙarfi ke yin sa ba. Kowace bindiga tana da wurin da nauyinta ya daidaita, inda idan ka ɗora ta a kan yatsa biyu ba za ta rinjaya gaba ko baya ba, kuma a irin waɗannan bindigogi wurin yana ɗan gaban kunama. A kan wannan wuri take juyawa ko da tana sama, saboda haka mai cafewa ba bakin bindiga ko gindinta yake bi da ido ba, ya san inda tsakiyar za ta sauko, can yake kai hannu. Akwai kuma lissafi mai sauƙi da ya kamata kowane mai horarwa ya sani: abin da aka jefa sama ya yi daƙiƙa ɗaya kafin ya dawo hannu, ya tashi kimanin mita 1.2 ke nan, ko mai nauyi ne ko marar nauyi. A kan taku 120 a minti, daƙiƙa ɗaya ƙirge biyu ce. Ma'ana, idan yara goma sha biyu za su cafe a ƙirge ɗaya, dole ne kowannensu ya jefa zuwa tsayi ɗaya, dogo da gajere, mai ƙarfi da marar ƙarfi. Wanda ya ƙara taƙi ɗaya a jifarsa zai makara, kuma kowa a ɗakin zai ji makararsa, domin maimakon ƙara ɗaya tas sai a ji biyu. A nan wahalar take, ba a yawan juyi ba.

Amfaninsa a fagen daga kuwa, gaskiyarka, babu. Ban taɓa jin wani hafsa mai hankali ya ce akwai ba.

Malamar Tarihi ta amsa:

Baba Saje ya yi bayani mai gamsarwa a kan yadda ake yi, ni kuma zan ɗan taɓa inda abin ya samo asali, domin a ganina amsar tambaya ta uku tana can.

Fareti da bindiga ya taɓa zama dabarar yaƙi ta haƙiƙa. A ƙarshen ƙarni na 16, Yarima Maurice na Nassau a ƙasar Holan ya lura cewa ɗura bindigar wancan zamani aiki ne mai tsawo, kuma soja a cikin firgici yana iya mance mataki ɗaya ya halaka kansa ko na kusa da shi. Sai aka rarraba aikin zuwa ƙananan motsi, kowanne da umarninsa, har wani littafi mai zane da aka buga a 1607 ya nuna matakai sama da 40 na sarrafa bindiga ɗaya. Da irin wannan horo ne Baron von Steuben, wani hafsa daga Furushiya, ya gyara rundunar George Washington, jagoran yaƙin neman 'yancin Amurka, a sansanin Valley Forge a 1778. A wancan lokaci, rundunar da ta fi iya motsi tare ita ce ta fi saurin harbi, don haka fareti maganar rai da mutuwa ce. Da bindigogi suka sauya, tsayawa kafaɗa da kafaɗa a gaban abokan gaba ya zama ganganci, sai fareti ya rasa aikinsa na asali, ya koma na horar da kurata da na bukukuwa.

Na nunin kuwa, tun farkonsa domin 'yan kallo aka yi shi. Misalin da ya fi shahara shi ne na Elmer Ellsworth, wani matashi da ya karɓi ragamar wata ƙungiyar 'yan sa-kai a birnin Shikago, ya sanya musu tufafi irin na Zouave, wato rundunar da Faransa ta kafa a Aljeriya a farkon shekarun 1830, ya koya musu fareti mai sauri da tsalle da salon sarrafa bindiga. A 1860 ya zagaya da su birane kusan 20, jama'a suna tururuwar kallo, har suka yi wasa a gaban Shugaban Amurka James Buchanan. Ya kuma shimfiɗa musu doka mai tsanani ta hana shan giya da caca, wanda ke nuna cewa tun a wancan lokaci ana tallata abin ne a matsayin tarbiyya. Bayan shekara ɗaya, a 1861, aka kashe Ellsworth a farkon yaƙin basasar Amurka, kuma samari da dama da wasansa ya burge sun shiga yaƙin sanye da irin tufafin nan.

Shigarsa makarantu ta biyo ta hannun mutane irin su John Pershing, wanda ya je Jami'ar Nebraska a 1891 a matsayin malamin ilimin soja, tun yana ƙaramin hafsa, kafin ya zama babban janar na Amurka. Ɗalibansa sun ci gasar fareti a Omaha a 1892, kuma a 1894 aka kafa ƙungiyar da daga baya ta ɗauki sunansa, wadda har yau tana nan a jami'o'i. Dokar tsaron ƙasa ta 1916 ce ta kafa shirin kadet na sakandare da ake kira JROTC, wata doka ta 1964 kuma ta buɗe shi ga sojan ruwa da na sama da na kundumbala, sannan a farkon shekarun 1970 aka fara karɓar 'yan mata. A yau akwai rassa sama da 3,000, ɗalibai kuma kusan rabin miliyan. Abin koyin yaran nan su ne ƙungiyoyin manya, musamman ta sojan kundumbala mai mutum 24 da ke barikinsu na Washinton, wadda ta fara wasanta na shiru a 1948. Ba Amurka kaɗai ba ce: 'yan kadet na makarantun Singafo da na Filifin suna da nasu salon, dogaran Sarkin Norwe kuma, waɗanda matasa ne masu hidimar soja ta wajibi, sun yi suna da shi a bikin faretin soja na birnin Edinbura da ke Birtaniya.

To a nan ne nake ganin bai kamata mu wuce da sauri ba. Baba Saje ya ce abin ba shi da amfani a fagen daga, kuma haka ne, amma yana da amfani ga runduna ta wata fuskar. Ma'aikatar tsaron Amurka ce ke ba da kaki da kayan aiki, ita ke biyan wani kaso na albashin malaman, waɗanda tsofaffin sojoji ne, kuma ɗalibin da ya kammala shirin yana iya shiga soja da muƙami sama da na sauran kurata. Gaskiya ne ba a tilasta wa kowa shiga soja bayan kammalawa, kuma abin da doka ta rubuta a matsayin manufa shi ne koyar da kishin ƙasa da ɗaukar nauyi. Duk da haka masu suka sun daɗe suna cewa shirin ya fi yawa a makarantun talakawa, kuma wasan juya bindiga shi ne kyakkyawar fuskar da ke jawo yaro tun bai kai shekarun yanke wa kansa hukunci ba. Muhawarar ta kai ga hukumar makarantun San Francisco ta kaɗa ƙuri'ar soke shirin a 2006, sannan ta dawo da shi a 2009 bayan iyaye da ɗalibai da masu zaɓe sun nuna suna so. A ƙarshen 2022 kuma jaridar New York Times ta ba da rahoton cewa wasu makarantu suna sanya ɗalibai a shirin ba tare da sun zaɓa ba. Saboda haka tambayar Malam, me ya sa sai da siffar makami, tambaya ce mai nauyi, kuma ni ban gamsu cewa amsarta ita ce al'ada kawai ba.

Mahaifiyar Kadet ta amsa:

Ina yi wa kowa sallama. 'Yata tana cikin irin wannan ƙungiya a makarantarsu a nan Amurka, don haka zan faɗi abin da ido ya gani, ba abin da aka rubuta ba.

Bidiyo ba ya nuna hannuwan yaran. A watannin farko tafin hannunta kullum a kumbure yake, ƙashin wuyan hannu da gwiwar hannu duk tabo, akwai kuma ranar da bakin bindiga ya daki haɓarta har sai da aka yi ɗinki. Bindigar atisayenta an nannaɗe gindinta da bakinta da salatif baƙi, saboda yawan faɗuwa yana tsaga katako, kuma a kan ciyawa aka fara koya musu jifa kafin a kai su kan daɓe. Da asuba suke atisaye kafin a shiga aji, domin da rana 'yan ƙwallon kwando ne ke da ɗakin wasanni. Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne ba malamin ne ke tsara wasan ba. Yaran da suka fi daɗewa su ke ƙirƙiro salon, su rubuta ƙirgen a takarda, su koya wa sababbi, shi kuma tsohon sojan yana gefe yana gyara tsayuwa da hana abin da ya ga yana da haɗari.

A ranar gasa ba wasan nuni kaɗai ake yi ba. Akwai duba tsafta da kaki, inda alƙali zai tsaya dab da fuskar yaro yana jefa masa tambayoyi da tsawa domin ya ga ko zai rikice; akwai fareti na ƙa'ida; akwai na masu riƙe tuta; sannan na nuni, wanda ake yi a ƙungiya, ko mutum biyu, ko mutum ɗaya. Akwai ma rukunin da ba a riƙe bindiga sam, da tafi da bugun ƙafa kawai ake yi. Alƙalan galibi sojoji ne masu ci, kuma suna ba da maki a kan daidaito, da wahalar salon, da kamun kai, da yadda aka yi amfani da fili. An shata iyaka a ƙasa, an kuma ƙayyade mintuna, wanda ya taka layi ko ya wuce lokaci an rage masa. Babbar gasar ƙasa ta makarantun sakandare a Daytona Beach ake yin ta, a jihar Falorida, kuma ita ce burin kowace ƙungiya.

Na taɓa ganin bindiga ta kuɓuce wa wani yaro a tsakiyar wasa, ta faɗi da ƙara a ɗakin da ko tari ba a yi. Bai dubi kowa ba, bai ɓata fuska ba. Ya taka zuwa inda take da irin takun da sauran ke yi, ya durƙusa a miƙe, ya ɗauka, ya koma gurbinsa, ya jira farkon ƙirge na gaba ya shiga. Sauran kuwa ko gezau, kamar ba su ji ba. An rage musu maki, ba su ci gasar ba, amma daga baya 'yata ta gaya mini cewa wannan ma atisayensa suke yi, wato yadda za ka ɗauki abin da ka yar ba tare da ka ja sauran cikin kuskurenka ba.

Game da maganar Malama, ba zan musa ba, domin masu ɗaukar kurata suna zuwa wuraren gasa, na gan su da teburinsu da takardunsu. Mun zauna da mahaifinta mun yi mata bayani cewa kaki na makaranta daban, sa hannu a takardar shiga soja daban, kuma ita a yanzu aikin jinya take so ta karanta. Sai dai na san ba kowane yaro ne ke da wanda zai zaunar da shi ya yi masa wannan bayani ba.

Mai Neman Sani ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Baba Saje, saura abu ɗaya. A wasu bidiyoyin na ga wuƙa a bakin bindigar tana walƙiya, har ana jifa da ita ta saman kan wani. Shin yara ma suna yin wannan? Sannan ina so in ji ra'ayinka a kan abin da Malama ta kawo, tunda kai ka yi aikin: da za a ba su sanda mai nauyin kilo 4 maimakon bindiga, wani abu zai ragu?

Tsohon Saje ya amsa:

Waɗanda ka gani da wuƙa manya ne, Malam. Ƙungiyar sojan kundumbala da Malama ta ambata tana wasa da Garand mai wuƙa a baki, nauyinta ya kai kusan kilo 5, ta sojan ƙasa kuma da Springfield mai wuƙa, kuma waɗannan mutane ne da aka zaɓo aka keɓe domin wannan aiki, suna shafe watanni ba abin da suke yi sai shi. Galibin gasannin sakandare sun hana wuƙa, kuma daidai ne. Ko ba wuƙa, jifa tsakanin mutum biyu shi ne wuri mafi haɗari, domin wanda ya jefa shi ke da alhakin cafewar ɗan'uwansa: idan ya saki da wuri bindigar za ta tafi ƙasa-ƙasa ta nufi ƙirji, idan ya makara za ta wuce ta bayan kai. Mai horarwa na ƙwarai ba ya barin yara biyu su fara musaya sai kowannensu ya iya jefa wa kansa ya cafe ba tare da ya motsa ƙafa ba, kuma daga tazarar taku biyu ake farawa, da jifa marar juyi.

A kan sanda kuwa, zan faɗi gaskiya ko da ba ta goyi bayan ɓangarena ba. Ƙirge, da haƙuri, da dogaro da na kusa da kai, da abin da Hajiya ta ba da labari na yaron da ya ɗauki bindigarsa, duk za a same su da sanda. Hujja ita ce masu rakiyar makaɗan fareti na makarantu a Amurka suna juya katako da aka sassaƙa da siffar bindiga, mai sauƙin nauyi, wasu kuma tuta kawai suke juyawa, kuma horonsu ba ƙarami ba ne. Ta fuskar hannu akwai ɗan bambanci, domin sanda nauyinta ɗaya ne daga wannan kai zuwa wancan, bindiga kuwa gindinta ya fi nauyi, tana da maɗauri da ƙarafan da ke kama yatsa, don haka ta fi wuyar sarrafawa, amma wannan ba hujja ba ce mai ƙarfi. Abin da zai ragu da gaske shi ne yadda yaron ke ɗaukar abin da ke hannunsa. Ana koya masa tun ranar farko cewa ba a nuna mutum da ita, ba a jingina da ita, ba a barin ta a ƙasa a tafi, ko da kuwa kowa ya san ba ta harbi, kuma na ga yadda wannan ke natsar da yaro mai rawar kai. To amma wannan girmamawar ita ce dai abin da Malama ke tsoro, domin ita ce ke sa kaki ya shiga ran yaro. Ni ina ganin ribar ta fi, da sharaɗi biyu: yaro ya shiga da ƙafarsa, ba a rubuta sunansa ba tare da saninsa ba, sannan masu ɗaukar kurata su jira har ya kai shekarun da doka ta yarda ya sa hannu, su kuma yi maganar a gaban iyayensa. Inda aka karya ɗaya daga cikin biyun nan, ina tare da Malama.